Katin Mama

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sabon ofis.

"Wannan katin ba ya aiki a nan, Hajiya." Haka ma'aikaciyar asibiti ta faɗa mini jiya, tana jujjuya shi kamar tsohon kuɗi. Na ce mata mun daɗe muna kawo Mama wankin ƙoda nan. Ta ce wancan katin inshorar tarayya ne, yana aiki ko'ina. Wannan na jiharmu ne, asibitinsu kuwa yana ƙetaren iyaka. Ni ban taɓa lura da wata iyaka ba, in ban da gada da wani ɗan sanda mai gyangyaɗi.

Kai da kanka ka zo ka karɓi tsohon katin. Ka ce gyaran da aka yi ya ba kowace jiha ikon tafiyar da inshorarta, kuma bai dace uwar mataimakin daraktan inshorar jiha ta zauna a tsohon tsari ba. Har mai hoto ka kawo. Mama ta yafa mayafinta na fita unguwa.

Ƙafafunta sun fara kumbura. Injin wanki ɗaya ne a jiharmu, shi ma an ce yana jiran wani ƙarfe daga waje. Yaya za mu yi?

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, Allah ya ba Mama lafiya.

Kowane sabon tsari ba ya rasa 'yan tangarɗa a farko. Kwamitinmu yana tattaunawa da maƙwabta a kan yarjejeniya, kuma akwai ci gaba. Komawa tsarin tarayya dai ba zai yiwu ba, doka ta hana wanda ya fita ya dawo.

Ina roƙonki kada ki kai maganar nan wurin abokanki na jami'a masu rubuce-rubuce. Ana shirin tabbatar da ni a kujera. Kafin nan ki rage mata shan ruwa da gishiri.

Ki gaishe ta. Zan shigo in na samu sarari.

Yayanki

*

Antin yara,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Wallahi kullum tana raina. Ga zannuwa biyu nan na ba direba, masu laushi ne, ba za su dame ta ba.

Yayanki ba ya barci, kin san shi da sa abu a rai. Mu ma nan ƙaramin ya yi zazzaɓi, amma alhamdu lillahi da na kai shi asibiti ko tambaya ba su yi ba, suna ganin katin suka ba mu gado. Da ma Abbansu bai canja mana namu ba, ya ce mu bari na jiha ya zauna da gindinsa tukuna, don yadda suka tsara shi ba ya aiki a ƙetaren iyakar jiha. Na ɗauka ke ma haka ya gaya miki.

In kin zo ki taho mini da kwanon nan nawa, sarkin riƙe kayan mutane.

Taki, Maman yara

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki.

Na yi murna da jin ɗanka ya warke. Kati mai kyau ne, ka riƙe shi. Kada ka yi wa matarka faɗa, ita kaɗai ce a gidanku ba ta iya rubutun ofis ba.

Ashe ka sani. Kana zaune a kan tabarmar Mama, tana sa maka albarka, kana gyara mata mayafi don hoto ya fito, ka san katin da kake miƙa mata ba ya haye gada.

Na nemi sa hannun likita, na je ofishin inshorar maƙwabta. Sun ce za su karɓe ta in ta zama mazauniyar jiharsu. Na kama ɗaki a bayan asibitin, taga ɗaya, famfo a waje. Mama za ta bar gidan da ta haife mu, da bishiyar da Baba ya dasa. Ban gaya mata dalili ba. Ta ɗauka gwamnati ce, kullum tana cewa, "Allah sarki ɗana, shi kaɗai yake fama da su."

Ranar Asabar da safe za mu tashi. Ta ce ba za ta shiga mota ba sai kun yi sallama.

Auta

*

Yaya,

Gaisuwa.

Mun jira har rana ta take. Duk motar da ta rage gudu a layin sai Mama ta ɗaga kai. Da numfashinta ya fara nauyi na ce mata kana taro da gwamna, ta ce to kada a dame ka, ta miƙo mini hannu.

Makullin yana wurin mai shagon kusurwa. Na rufe ƙofar, mun tafi.

Auta