Firijin nan ba inda za shi

Mamana,

Na fita kafin ki dawo daga aiki. Ɗazu mai gwangwan da kika turo ya zo ɗaukar firiji, na sallame shi tun daga ƙofa. Don fitilar ciki ta daina kamawa sai a jefar da shi? Na kwance ƙwan na gwada a fitilar gefen gadona, lafiyarsa lau. Ɗan maɓallin da ƙofa ke dannawa ne ya maƙale, na tafi nemo wani. Na cire soket, kada ki jona.

In ranki ya ɓaci, ki bari in dawo ki faɗa mini. Amma firijin da mahaifiyarki ta saya ba zai bar gidan nan ina raye ba.

Babanki