Hoton Babanka Ba Hula

Zuwa ga autana Sagiru, a Kaduna. Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto a inda kowa zai gani ne, tunda a bainar jama'a ka yi abin da ka yi, kuma ka daina ɗaukar wayata.

Da ka ce za ka shiga ajin koyon ɗaukar hoto, ban hana ka ba. Sana'a ce. Ka zo hutu da kyamarar aro a wuya, ka ishe mu da darasi: a bar rana a bayan mai ɗauka, a manne hannu a jiki, a riƙe numfashi kafin a danna. Ka ɗauki rumbu, ka ɗauki awaki, har rub da ciki ka yi a gaban zakara. Na ƙyale ka.

Sai ka ce malaminku ya ce hoto mai rai shi ne wanda aka ɗauka mutum bai sani ba. Na ce maka a gidanmu wannan sunansa leƙe. Ka yi dariya.

Ka bi babanka gonarsa ta hanyar Kutemeshi, ka laɓe a bayan kaɗanya. Ka ɗauke shi ba hula, ba riga, sunkuye a kan masara, haƙarƙarinsa duk a waje. Dattijon da ko zaure bai taɓa fita kai buɗe ba. Ka watsa a intanet, ka rubuta "talaucin ƙauye" a ƙasa.

An ce malaminku ya yaba hasken hoton. To, madalla! Ya gaya maka samarin tashar babura suna nuna wa juna hoton a waya? Ya gaya maka wani ya aiko wa babanka da tsofaffin riguna a leda, wai sadaka? Mutumin da maƙwabta ke ci daga rumbunsa! Tun ranar bai sake zama a majalisa ba, daga masallaci sai ɗaki.

Ni ma na yi sakandare, Sagiru, ba a taɓa ce mana ilimi yana cire kunya ba. An koya maka inda za ka tsaya ka danna, ba a koya maka neman izini ba. Ban ga laifin malamin ba. Ni na goya ka, na ɗauka wannan tun a bayana ka iya shi.

Babanka bai zage ka ba. Da ma ya zaga. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe haka yaron nan yake ganina." Tuwo ma sai na tsaya a kansa yake taɓawa.

Ka goge hoton nan yau. Ka hau mota ka zo, ka durƙusa a gaban babanka hannu wofi, ba kyamara. Kafin ya ce ya yafe, kada ka aiko min da gaisuwa ta bakin kowa, ba zan amsa ba.

Allah ya shirye ka, ya sanyaya zuciyarsa kafin ka iso, ya tsare min kai a hanyar dajin nan. Amin.

Mahaifiyarka, mai fushi da kai, mai jiran sallamarka.