Inna, Irin Kajinki Ya Ƙare

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa irin wadda kika koya mini, ta durƙuso da tambayar kwanan gida, duk da na san amsar ba za ta zo ba. Mutanen gida suna nan lafiya. Hajara, jikarki ta fari, ta sauka lafiya, an sami mace, kuma sunanki aka sa mata. Muna kiranta Ummi. Wannan shi ne labari mai daɗi, na fara da shi ne don ki ɗan ji sanyi kafin sauran.

Inna, kajinki sun ƙare. Ba na gidan nan kaɗai ba, duka.

Masu karanta wannan wasiƙa da ba su san ki ba za su ce a kan kaza ne mace mai jika take kuka. To su ce. Ke kin san waɗanda nake nufi, wake-waken nan masu ɗigon fari da baƙi, masu gajeren ƙafa da faɗin ƙirji, waɗanda kika taho da uwarsu daga gidanku ranar da aka kawo ki Tudun Kaya. Ba su da kyan da za a tsaya kallo, amma ba su taɓa tashi daga kan ƙwai ba sai sun ƙyanƙyashe, kuma shirwa ta sha wuya a hannunsu. Da su kika yi mana takalman makaranta da maganin zazzaɓi. Baba kan ce da a ce shi kaza ne da ya fi samun kulawa a gidan nan. Ke kuwa sai ki ce ya fara yin ƙwai tukuna.

Na tuna yadda kike rabon su. Duk budurwar kazar da ta isa, sai ki ɗaure mata ƙafa da tsumma ki aika wa wata a wani gari, ta yi kiwo, in an ƙyanƙyashe ku raba 'ya'yan. Kin kai wa Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, a Kafin Dafga. Kin kai wa ƙawarki Iya Abu can Ruwan Bago. Kin bai wa matan da ni ban ma san inda kika san su ba. Kullum maganarki ɗaya in kina miƙawa: "Ba kyauta na ba ki ba, ajiya ce."

Ina ƙarama shekarar da ciwon kajin nan, farin kashi, ya shigo garin nan ya share kowane akurki. Na yi kuka har na gaji, ke ko a jikinki. Kika bari iskar ciwon ta wuce, kika ƙona tsohuwar shara, kika zuba toka a akurki, sannan kika yafa gyale kika nufi Kafin Dafga a ƙasa. Da la'asar sai ga ki da kaza a hammata. Kika ce mini, "Ciwo ba ya shiga gari bakwai rana ɗaya." Kafin damina ta tsaya tsakar gidanmu ta sake cika da tsiyaki.

Duk mun san wannan, Inna. Shi ne abin da ya fi ci mini rai. Babu wadda ba ta sani ba.

Bayan kaka, wata huɗu da rasuwarki ke nan, aka yi shelar baje kolin amfanin gona a Karaye. Kin san yadda abin yake, rumfunan zana a filin makaranta, damman dawa da gero, kabewa wadda sai mutum biyu sun ɗauka, raguna an wanke su kamar za su biki. Kin sha kai alayyahunki da kuɓewa, ba ki taɓa kai kaza ba, mu kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Gwaggo Ladi ce ta kawo shawarar, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta kawo ta. Ta ce ba a yi miki komai ba a bainar jama'a, kin rayu kin tafi shiru. Ta ce duk wadda take da irin kajinki ta kawo su, mu haɗa su rumfa ɗaya da sunanki, mutane su ga abin da mace ɗaya ta bari. Da ta faɗa sai da na yi hawaye don daɗi. Ni na bi gida-gida da saƙon, waɗanda ke nesa na sa aka kira su a waya. Kowa ta amsa, sai Iya Abu da ta aiko cewa gwiwa ta hana ta hawa mashin, kuma ita kaza ba amarya ba ce da za a kai ta a gani. Muka yi dariya muka ce tsufa ya ƙara mata baki.

Da kin ga rumfar nan, Inna. Keji a kan keji, kwando a kan kwando, duk wake-wake, kamar an zana su da hannu ɗaya. Mata daga garuruwan da ba su taɓa haɗuwa ba suna nuna wa juna, wannan jikar wadda kika ba ni ce, wannan 'yar wadda ta kori muzuru ce. Masu duba kaya suka daɗe a gabanmu. Aka kira sunanki a lasifika, aka ba mu ta ɗaya. Kyautar butar ban ruwan lambu ce, koriya, mai bakin nan mai huji-huji. Gwaggo ta ɗora ta a ka ta yi rawa, ita da ko a biki ba ta tashi.

Kasko ɗaya muka sa musu na ruwa, muna zagayawa da shi keji-keji. A gefenmu akwai rumfunan wasu masu kaji daga wurare daban-daban, wasu kajin sun yi lamo, muka ce rana ce. Ban san daga inda ciwon ya fito ba, kuma ba na ɗora wa kowa. Da yamma kowace mace ta ɗauki kejinta ta koma garinsu tana murna.

Ba a yi kwanaki ba ciwon ya bayyana, kajina ne suka fara. Na fito da tsaki da safe na kaɗa ƙwarya, babbar uwar nan da kike kira Hajiya ba ta taso ba. Ta sunkuyar da kai, fikafikai a ƙasa, tana numfashi da baki a buɗe. Na jiƙa sassaƙen maɗaci, na daka barkono na zuba a ruwa, duk abin da na ga kina yi na yi. Na sayo maganin kanti ma. Wasu wuyansu ya murɗe suna ta juyi a wuri ɗaya, har na riƙa kawar da kai. Kullum da safe sai na haƙa rami a bayan gida.

Ban tsorata sosai ba da farko. Na ce a raina in iska ta wuce zan yafa gyale in nufi Kafin Dafga, kamar yadda kika yi. Ina cikin wannan tunanin Gwaggo ta kira ni. Ba ta ko gaisa ba, ta ce, "Rabi, ki ajiye mini budurwa ɗaya, nawa sun tafi." Na ce mata nawa ma sun ƙare. Daga nan waya ba ta huta ba, kowace mace tana neman ajiyarki a wurin 'yar'uwarta, kowace kuma hannunta wayam. Abin da kika yi shekara da shekaru kina rabawa, mu muka tara shi wuri ɗaya don mu girmama ki.

Gwaggo ba ta sake zuwa gidan nan ba. Ko sunan Ummi aike ta yi. Na aika mata cewa ba laifinta ba ne, amma kin san halinta.

Sai na tuna da Iya Abu. Na hau mashin zuwa Ruwan Bago ina addu'a tun daga ƙofar gida. Na same ta a zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ce ai na faɗa ba, da ma ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun da ƙafa ta gaza kiwo ya gagare ta, saura tsohuwa ɗaya ta rage mata, ita ma muzuru ya ɗauke ta a makon da ya wuce. Ta nuna mini bayan randa. Ƙwai huɗu ne a gurbi, ba a fara kwanci a kansu ba. Ta ce, "Ɗauki, na uwarki ne, dama ajiya ta ba ni."

Na jera su a ƙwarya cikin dusa, na rungume a ƙirji, duk ramin da mashin ya faɗa sai na ƙara ƙanƙame ƙwaryar. Da na iso gida sai wata matsalar ta taso, babu kaza ko ɗaya a unguwarmu da za ta kwanta a kansu. Ke da kike sa wa kajinki ƙwan zabi su ƙyanƙyashe wa mutane, yau ƙwanki ya rasa uwa. Maƙwabciyarmu tana da agwagwa mai kwanci, su ciwon bai taɓa su ba, sai ta ce in kawo mu gwada.

Na yi ta zirga-zirga gidan har na fara jin kunya. Da lokaci ya yi, uku suka zama baragurbi, ko a kunne ka girgiza ka ji ruwa. Na huɗun ya huda ɓawo. Na ɗora shi a kunnena, Inna, na ji kukansa, siriri, daga ciki. Na mayar da shi ƙarƙashinta da sauri don kada ya sha iska. Amma agwagwa ba kaza ba ce, nauyinta daban, kuma nata ƙwan da saura, ba ta san ta ɗaga jiki ba. Da na koma da azahar ɓawon ya murƙushe, babu motsi.

Kin yi wa kowace jika alkawarin budurwar kaza. Hajara ta karɓi tata daga hannunki, ita ma ta kai ta rumfar nan. Ranar suna na so in ɗaure ƙafar wake-wake da tsumma in ajiye a gaban takwararki in faɗi maganar da kike faɗa. Sabulu da atamfa na kai, kamar baƙuwa. Mutane suna cewa in sayo wasu a kasuwa, kaza kaza ce. Wataƙila wata rana in saya, amma ban san ajiyar wa zan ce wa yarinyar nan ba.

Lambunki na bayan ɗaki yana nan. Kin tuna yadda kike faɗa da kajin a kansa, kina toshe shinge da ƙaya suna sake hudawa, kina jifansu da takalmi kina cewa ɓarayin gida? Shingen ya faɗi kwanaki, ban tayar ba, babu wanda zan tsare wa. Ina ban ruwa da koriyar butar nan safe da yamma. Alayyahu da yakuwa ba su taɓa yin kyau irin na bana ba, ganye faffaɗa, ko huji ɗaya babu. Na tsinko jiya na yi miya, na kasa ci.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka makwancinki, ya sa abin da kika ciyar da mu da shi ya zame miki nauyi a mizani. Allah ya raya takwararki ya ba ta hannunki. Ki yafe mana, son ki ne ya sa.

Har yanzu da safe nakan ware tsaki in na yi tankaɗe, sai na kai bakin akurki nake tunawa.

Taki har kullum,
Rabi