Gangar Noma da Rani

Talata da dare, Marnona

Saura kwana tara in miƙa aikin digirina na biyu a fannin kiɗa. Waƙa ce na tsara, kan gangar noma na gina ta duka, ga shi ban ɗauki sautinta ba.

Na roƙi Kawu Sani ya kaɗa mini. Ya ce, "Kiɗin mi za ni yi da rani, ba manomi gabana?"

Na ɗauki hauya na shiga gonarshi ina saran busasshiyar ƙasa. Ya buga sau uku ya tsaya. "Ɗana, ganga hauya take bi. Taka ba ta san inda za ta ba."

Hannuwana duk sun yi bororo. Ya Allah, mi zan gaya wa malamina? Shekara bakwai ina karatun kiɗa, noma ya kayar da ni.