Tumatur Ɗina Ya Ƙare, Na Hamma Yana Ta 'Ya'ya

Malam Balarabe, don Allah ka cece ni, kunya za ta kashe ni. Ni tela ne a Bakura, shekara goma sha biyu ina kan keke. Da aka sako ruwan madatsar Bakolori cikin kanal, na ajiye almakashi, na faɗa a gaban surukina cewa na zama mai lambu. Ya dube ni sama da ƙasa. Na dasa tumatur fangali arba'in rana ɗaya, ya yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Sai ya nuna gaba ɗaya cikin mako biyu. Na kai kasuwar Talata Mafara na iske kowa da nasa. Rabi ya ruɓe, saura matata Marka ta yanka ta shanya, har kan shimfiɗata. Yau lambuna fayau, amma Hamma maƙwabcina yana ta tsinka, ga bazara ta kawo kai. Malam, ina zargin akwai abin da ya binne. Marka kuwa kullum sai ta goge keken ɗinkin a gabana. In koma ne?

Telan Bakura

Telan Bakura, lallai Hamma ya binne wani abu: iri ne, duk bayan mako biyu. Kai ka ɗinka wa lambunka kayan Salla, ya sa rana ɗaya ya cire.

Baɗi ka fara rainon iri tun ƙarshen damina, ƙarƙashin rumfar zana. Ka raba dashen kashi huɗu, fangali goma-goma. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsu don ƙasa ta riƙe laima, ka yi ban ruwa da sassafe ko da la'asar. Tumatur ba ya son zafin bazara, kada ka yi masa dole. Ko yanzu ka zuba kuɓewa da alayyafo da rama, za su kai ka ruwan farko. Amma ka fara tambaya yaushe ake rufe kanal.

Marka tana da gaskiyarta, keke ya ciyar da ku shekaru. Kai ma ba ka yi laifi ba, wanda ya raya fangali arba'in a shekarar farko yana da hannu. Ka yi lambu da safe, ɗinki da rana. Ka sayi goro ka je ka gai da Hamma, ka tsuguna ka yi tambaya kamar ranar da ka fara koyon zare allura.

Allah ya sa albarka, ya sa surukinka ya ci miyar kuɓewarka har ya nemi ƙari.

Malam Balarabe