Gara Ta Shiga Rumbun Baba

Kausani, ƙasar Wudil
Farkon damina, 1956

Zuwa ga Yayana Isyaku a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rabi da yara gaba ɗaya. Allah ya yi wa goronka kasuwa, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan jiki lafiya. Ƙafar maigidana Haladu ta warke, 'yarmu Talatu kuma ta sauka lafiya, an sami mace. Kada ka yi mamakin rubutun nan da ya yi kama da tonon kaza, ni ce ƙanwarka Hansai da hannuna. Ajin yaƙi da jahilci na shiga, don na gaji da malamin wasiƙa, in faɗi magana da zafinta shi kuma ya rubuta ta a sanyaye.

Yaya, maganar rumbun Baba ce, kuma ba mai daɗi ba ce. Ka san yadda marigayi ya bar abin. Gonar nan ta bakin fadama da ya ware wa marasa ƙarfi, unguwa ce ke fitowa gayya a nome ta. Hatsin ya shiga rumbu, sai abinci ya yanke wa mutane a fasa a raba wa tsofaffi da marayu. Gyaɗar kuma a ba mu mata mu matse mai, mu yi ƙuli-ƙuli, a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a, abin da ya fito a sayi gishiri da kanwa da likkafanin wanda ba shi da mai yi masa. Abin da kansa yake ciyar da kansa, ba mu taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Da Baba ya rasu kana nesa, dattawa suka ɗora wa Gwadabe ɗan Kawu riƙon gonar da rumbun. Ba zan ci zalinsa ba, mutumin kirki ne. Amma ka san malamin sikeli ne wajen masu sayen gyaɗa a Wudil, kuma tun ranar ya gaya musu cewa sai in ya sami sarari zai riƙa leƙo mu. Suka ce hakan ma ya isa, ai shi ne mai boko. Ba wanda ya tuna cewa daga kaka har ƙarshen rani sikeli ba ya sakin mutum ko fitsari ya je.

Ana cikin haka Alhaji Maikano, falken shanun nan, ya ga gayya tana wuyar haɗuwa, ya ce a huta, shi zai riƙa cika rumbun da dawa kowace shekara. Aka yi ta sa masa albarka. To, wa zai fito gayya alhali ga jakuna suna sauke dawa a ƙofar gida? Gona ta zama ta ciyawar tofa. Da babu gona babu gyaɗa, sana'armu ta mata ta mutu ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Muka koma masu jiran hannun mutum ɗaya muna kiran abin ci gaba.

A tsakiyar ranin nan na zaga bayan rumbu zan yi shanya, sai na ga gara ta gina hanyarta a kan duwatsun da ke ƙarƙashinsa, ta haura ciki. Nan take na bar shanyar. Na tafi wajen Malam Halliru, babban dattawanmu, na gaya masa. Ya tuna mini dokar Baba, wai ba a ɗaga murfin rumbun nan sai mai riƙonsa yana tsaye, don kada zargi ya shiga tsakanin jama'a. Yaya, a zamanin Baba wannan doka ba ta da nauyi, don shi kullum yana gindin rumbun yana tufkar igiya, in ya ga alama ya hau ya duba, ya zuba toka. Dokar mai zama ce aka ɗora wa mai wucewa. Na roƙa a bar ni in leƙa kawai, Malam ya ce bai taɓa ganin mace ta leƙa rumbu ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Haladu ya ce shi zai hau, aka ce shi suruki ne, ba hannunsa a kayan gidanmu. Na aika wa Gwadabe, ya aiko cewa an tura shi Lajawa da sikeli, amma Juma'a mai zuwa yana nan tafe. Juma'o'i suka yi ta zuwa, shi bai zo ba. Ni kuwa kullum sai na je na karkare ginin garar da muciya, kashegari in tarar ta sake.

Sai da aka rufe awon gyaɗa ya zo. Tsofaffi suka taru da ƙorensu. Ya hau ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya zura hannu ya fito da jar ƙasa da ƙaiƙayi. Ya sauko ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Duk faɗan da na tanadar masa sai na fasa yi. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda matan nan suka kife ƙorensu a ka suka juya, ba wadda ta yi ko tsaki, har suna yi masa sannu da hanya.

Wajen Alhaji kuma babu zuwa, ciwon huhu ya shiga garkensa ya share, yanzu gidansa ma awo ake yi a kasuwa. Gwadabe ya ce ya sauka, ba zai iya ba. Dattawa sun ce ba za su ba kowa riƙo ba sai da bakinka, tunda kai ne babba. Ga ruwa ya sauka, kowa yana gonarsa, ta Baba ko shara ba a yi ba, iri ma babu.

Ba kuɗi nake roƙonka ba, kyauta ce ta kawo mu nan. Ko ka dawo ka riƙe, ko ka rubuto wa dattawa su ba wanda yake kwana yake tashi a Kausani, ko da mace ce, kuma a ɗaga murfi duk ranar da aka ga alama. Amma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta karaya. Kafin takardar nan ta isa Kumasi amsarta ta dawo, shuka ta wuce, kuma cikin waɗanda suka kife ƙorensu akwai waɗanda ba na jin za su ga sabon gero.

Haladu yana gaishe ka, da Talatu, da Kawu. Ka gaishe mini da Yaya Rabi, da yara, Ya'u da Yelwa. Gwaggo Indo ƙanwar Baba ma tana gaishe ka. Idonta ya tafi gaba ɗaya, ita kaɗai ce ba ta san abin da ya faru ba. Kowace safiya takan lalubo bango ta zo da ƙwaryarta karɓar rabonta, ni kuma in ɗebo mata daga tukunyar ɗakina. Ta ce lallai in gaya maka dawar rumbun Baba ta bana ta fi ta kullum daɗi. Jiya da na zura ƙoƙo, na ji ya kankari gindin tukunyar.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Hansai