Tarin Motar Usta Munji

Ƙairawan, 9 ga Shawwal

Zuwa ga 'yata Jalila,

Bayan sallama, da fatan ke da mijinki kuna lafiya. Na ba direban tasha wannan takarda ne saboda waya ta daina yi mini amfani. Kunnen ya tafi, sai dai a yi ta zabga mini ihu.

Ba taimako nake nema ba, labari nake ba ki. Farar motata ta kama tari. Ina cikin tafiya sai ta hau jijjiga, ƙarfi ya ragu, fitilar injin ta kama a dashbod. Yayanki Lutfi ya jona mata kwamfuta, ta nuna P0300. Wai wuta ce ke ɗaukewa a silinda, yau wannan gobe waccan. Ya goge lambar, ta dawo. Ya canza filogi, ta dawo. Ya wanke nozul, ya canza famfon mai, ta dawo. Kuma da zarar ta shiga gareji sai ta yi lafiya lau, kamar yaron da ya hango mai allura.

Yanzu Lutfi ya ce motar ta mutu, ni ma na tsufa. Wai in Babbar Sallah ta zo ba ta warke ba, 'yan gwangwan zai kira su yanka ta, ni kuma in zauna a gida. Kin san takardunta da sunansa suke tun ranar da na damƙa masa gareji. Ni Munji, da ake kira Usta, wato babban makanike, na shekara arba'in ina jin ciwon inji tun mota tana bakin titi! Wallahi abin ya ci mini rai.

An ce garejin da kike aiki a Binzart yana da irin kwamfutar nan. In kin ga dama ki tambayi maigidanki.

Mahaifinki,
Usta Munji

Binzart, 15 ga Shawwal

Babana,

Wa alaikumus salam. Na sumbaci hannunka, a gaishe mini da Ummi.

Na tambayi maigidan nawa, Baba. Na same ta a madubi tana wanke baƙin mai, domin shekara uku ke nan garejin nawa ne. Na faɗa maka a bikin Lutfi, ka ce kiɗa ya hana ka ji.

Kwamfutar ba ta san komai ba sai cewa akwai ciwo. Lutfi kuwa canza kaya yake yi ido rufe, da ma tun muna yara haka yake. Kai ka koya mini, lokacin da nake laɓewa bayan tayoyi ina kallonka, cewa a fara tambayar mai mota kafin a taɓa sifana. To yau kai ne mai mota. Wace rana take tarin? Ina za ka? Tanki cike ko rabi? A wane gidan mai ka sha? Bayan minti nawa take dainawa? Ka ba ni labarin safiyar tun daga tashinka, kada ka tsallake ko shan shayi.

Kuma ka ce wa Lutfi in ya taɓa motar nan kafin Sallah, ni da shi ne.

'Yarka,
Jalila

Ƙairawan, 27 ga Shawwal

Jalila,

Sallama a gare ki. Iye, yau ni ake yi wa tambayoyi kamar ɓarawon kaji. To ga amsa.

In yawon cikin gari ne ba ta taɓa yi ba. Masallaci, kasuwa, shagon kofi, lafiya lau. Sau biyar ta yi tun azumi: uku a hanyar gonar zaitun, biyu a hanyar Gafsa wajen baffanki Tijani. Mai ba wuri ɗaya na sha ba. Kada ki ce zafin doguwar tafiya ne, na riga ki tunani. Tun ban fita ƙofar gari ba take farawa, bayan kamar minti ashirin ta saki. A dawowa kuwa ko tari ɗaya.

Safiyar kuma ba wani labari. In yi asuba, in sha shayi da burodi da man zaitun, in duba mai da ruwa. Uwarki ta cusa mini dabino a aljihu kamar zan tafi Makka. In ta da mota, in fita da ribas, tunda kin san lungunmu ko jaki ba ya juyawa a cikinsa. Ita kuma ta watsa ruwanta na a dawo lafiya, kamar kowace mace a garin nan in nata zai yi tafiya. Da kofi take yi, amma tun da na kwanta asibiti bara ta koma bokiti, wai kofi bai isa ba. Shi ke nan.

Jiya Lutfi ya kawo wani mutum ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ban fito ba. Ta taga na kalle su.

Mahaifinki

Binzart, 2 ga Zulƙida

Babana,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarka a tsaye, na zauna a kan taya ina dariya har ma'aikatana suka leƙo.

Baba, kowace mace bayan mota take watsa ruwanta, ya sauka a ƙasa. Kai da ribas kake fita. In Ummi ta tsaya a ƙofa, me ke kallonta? Hancin motar! Bokiti guda ta cikin ragar gaba, fanka ta kwashe ta fesa wa wayoyin filogi. Wayoyin nan tun na kamfani ne, na tabbata robarsu ta tsattsage. In sun jiƙe wuta ta tsallake ta bi jikin inji, ba ta kai filogi ba. In inji ya yi zafi su bushe. Zuwa masallaci ba a watsa maka ruwa, a Gafsa ma ba mai watsawa. Lutfi kuma busasshiya ake kai masa kullum.

Kada ka yarda da ni, gwada. Ka shigar da ita gareji, a ja ƙofa ya yi duhu, a bar inji yana aiki, ka fesa wa wayoyin ruwa da abin fesa na mai aski. Ba ka bukatar kunne, ido zai gani. Na ba direba sababbin wayoyi a kwali, har da robar kan kwayil ɗin da ke ba su wuta.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka san yadda za ka faɗa wa Ummi. Tsoron rasa ka ne ya sa ta koma bokiti.

'Yarka,
Jalila

Ƙairawan, 8 ga Zulƙida

Zuwa ga Usta Jalila, mai gareji a Binzart,

Assalamu alaikum.

Bayan la'asar na yi gwajin, a gaban Lutfi da ma'aikatansa da rabin shagon kofi, don ni na gayyato su. Aka ja ƙofa. Na fesa sau biyu. Jalila, shuɗiyar wuta ta dinga tsalle a kan wayoyin, mota ta hau rawa, fitila ta kama! Na sa sababbin da hannuna, na juye mata ruwa kofi uku, ko gezau. Lutfi ya tsaya riƙe da kwamfutarsa yana kallo.

Hamadi mai aski ya matso kunnena ya yi ihu, “Kai, tsoho, ashe har yanzu da sauranka!” Na ce masa ba ni ba ne. Na ce 'yata ce ta gano, daga Binzart, a takarda, ba ta ko ga motar ba. Sau uku na faɗa, da ƙarfi, tunda ni ba na jin muryata.

Ranar da na ba Lutfi makullin gareji kina tsaye a bakin ƙofa. Na gan ki. Na yi kuskure, kuma na daɗe da sani.

Uwarki ban faɗa mata komai ba, kuma duk wanda ya faɗa mata ni da shi ne. Ranar Alhamis zan taho Binzart da kaina in ga garejin nan. Ta riga ta wanke bokitinta.

Mahaifinki,
Munji